Tafasar Bachir

Bachir direba ne, ɗan wani ƙauye a bayan Maradi, kuma a gidan hayarsu na unguwar Manfuha a Riyad babu wanda bai gaji da bakinsa ba. A kawo shinkafa da kaza, sai ya taɓe baki: "Ku dai ba ku san daɗi ba. Ina ma kun ɗanɗana kwaɗon tafasar Gogo!" Ya daɗe a Riyad har furfura ta fito masa, amma kullum cewa yake shi ɗan ƙauye ne, ko ido rufe zai gane kowane ganye.

To, da Allah ya kawo Gogo, mahaifiyarsa, Umara, sai ya roƙi kafilinsa, wato ubangidansa, hutu, ya ɗauko ta ta kwana biyu a wurinsa. Burinsa ɗaya: tsohuwa ta ga ɗanta bai manta gida ba.

Bayan wani ruwa da aka yi, ya hango tsiro a gefen titi, ganye bibbiyu, fure rawaya. Kai, tafasa! Ya tsaya ya cika leda, har da gayyatar abokan zamansa cin kwaɗo. Mutumin naku bai ko shinshina ba.

Ya zube ledar a gaban Gogo yana washe baki, abokai sun kewaye. Ta ɗauki reshe, ta murza ganyen, ta kai hanci. Ta duba 'ya'yan, ga su nan faffaɗa a lanƙwashe, ba sirara dogaye irin na tafasa ba.

"Bachir, cikin wa ya ɗaure?"

"Ba kowa, Gogo."

"To ai filasko ne wannan. Da kun ci, da yau layi za ku yi a ƙofar ban ɗaki."

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ghali, abokin zamansa da ya fi kowa shan gorin tafasa, har da buga ƙafa. Kunya ta rufe Bachir, ya rasa inda zai sa idonsa. Amma ba dariyar ce ta fi ƙona masa rai ba. Gogo ce ba ta yi dariya ba.

Ta ɗaure bakin ledar a hankali.

"Kana yaro, kai kake tsinko mini shi a bayan rumbu, in cikin ƙannenka ya ɗaure." Ta ɗago ta dubi furfurarsa. "Ka daɗe, ɗana. Wallahi ka daɗe."