Turkuɗin Malam Ari a Duwan na Gure

Har yau ranar da Malam Ari ya gurfanar da raƙumansa a ƙofar bironmu, wato ofishinmu, ba ta fita raina ba. Cikin shekarun 1930 ne, ina tafinta a duwan na Gure, wato inda ake karɓar kuɗin fiton kaya. Mu huɗu ne a wurin: Bature shugaban biro, gardi biyu, wato dogarai, sai ni. Gardi su kwance kaya, Bature ya duba, ni kuma in juya magana daga Hausa ko Barbarci zuwa Faransanci.

A lokacin an ƙara wa duk tufar da ta shigo daga ƙasar Ingilishi kuɗin fito mai nauyi. Bature da kansa ya gaya mini dalili. Masaƙun Faransi sun rasa kasuwa, shi ya sa ake so akokon Ingilishi, wato farin yadinsu, ya yi tsada, mutanenmu su koma sayen na Faransi.

Malam Ari dattijo ne, mutumin Kelle, yakan kai kanwa kudu ya komo da tufa. Da gardi suka kwance kayansa, sai ga turkuɗi baƙi wul, yana ƙyalli. Bature ya ce in gaya masa kayan waje ne.

Malam Ari ya ce, "Ɗana, gaya masa a kwarinmu aka noma audugar nan. Matan gidana suka kaɗa zaren, masaƙan Gamu suka saƙa. Rini da bugu kaɗai na kai Kano."

Na juya maganar. Bature ya buɗe littafin doka, ya daɗe yana dubawa. Littafin ya san tufar waje, ya san ta gida, amma bai san wadda ta fita fara ta komo baƙa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, saƙar hannu ce. Dubi inda aka harhaɗa ta da allura."

Ya ce, "Na gani. Amma in na saki wannan, gobe kowa zai rina akoko ya ce saƙar ƙauyensu ce. Sai na tambayi manya a Damagaram."

Ƙa'idar ita ce, kayan da ake shakka a kulle su a mangaza, wato ɗakin ajiya, a ba mai su takarda, a rubuta wa manya. Da na gaya wa Malam Ari, sai ya ce, "Buzayen da ke saye wurina sun sauko neman hatsi. Suna gama awo za su koma arewa, ba za su jira takarda ba." Wannan ma na juya, amma ba a sa ta cikin wasiƙar ba.

Ya sauka gidan wani ɗan'uwansa a cikin gari. Kullum da hantsi sai ya leƙo.

"Tafinta, ta zo?"

"Tukuna, Baba."

Sai bayan wajen wata biyu amsa ta iso: kayan gida ne, a sake su. Muka buɗe mangaza, muka tarar gara ta ci na ƙasa. Masu saye kuwa tuni sun wuce. Malam Ari bai yi faɗa da kowa ba. Ya dangwala yatsa a takarda, ya ɗaure abin da ya ragu, ya ce, "Na gode, ɗana, ka yi iyakar ƙoƙarinka. Amma ba ka ƙara ganina a ƙofar nan."

Haka kuwa aka yi. Da shekara ta zagayo, ayari ya daina biyo mu, sai ya ratsa daji ta wajen Gidigir. Akokon Ingilishi bai ɓace a kasuwa ba, tsada kawai ya ƙara. Na Faransi kuwa, ba kullum ake ganinsa ba.

Ku da kuke aikin yanzu, ga abin da na koya. Wanda ya rubuta doka ba ya ganin mutumin da za ta faɗa wa, mu na bakin ƙofa ne muke ganinsa. Tun daga ranar, ban ƙara bari a rufe mangaza a kan kayan wani ba sai na tambaye shi wa ke jiransa, kuma har yaushe. Kuma nakan tsaya kan Bature sai na ga ya rubuta amsar mai kayan a layin farko na wasiƙa.