Ranar da Fachtna Ya Yi Shiru

Shekara ashirin da shida Fachtna Riordan ya yi yana tuƙa motar zagayawa da baƙi a Cork, bakinsa bai taɓa hutawa ba. Kowace gada ya san labarinta. Matarsa Nuala takan ce ko a kabari sai ya ba maƙwabta tarihi.

Wata safiya wata mata da mijinta da 'ya'yansu biyu suka hau, su kaɗai, idanu jajur. Saukarsu ke nan daga Ostireliya, inda a lokacin ake shirin kwanciya. Kafin a haye kogi duk sun ɓingire da barci. Fachtna ya leƙa madubi, ya kashe lasifika. Sau uku ya zagaya gari da su, labari na cin sa, bai ce uffan ba.

Da suka farka matar ta gode masa, ta ce, "Direba, mutanen garin nan akwai kawaici, ba ku da surutu ko kaɗan."

Ya kai wa Nuala labari. Ta ajiye butar shayi, ta ce, "Nemo min matar nan, in ji me ta ba ka ka sha."