Malam Ina-Hujja da Albasar Babana

Ku da kuka zauna ajin Kawu Ummaru ba sai na kwatanta muku ba. Da zarar ka faɗi magana kana buga ƙirji, sai ya zare tabaran nan nasa mai hannu ɗaya, wanda ya ɗaure ɗaya gefen da zaren ɗinki, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Ina hujja?" Har sunansa na yanka ya ɓace, daga Boɗinga zuwa Shagari Malam Ina-Hujja kowa ke ce masa. Ku dai malaminku ne na falsafa da mantiƙi a kwaleji, sau biyu a mako. Ni kuwa yayan mahaifiyata ne, ko ranar Sallah ba ni da hutu! Tun ina ƙarami burina guda ne, in ji ya ce mini "na yarda". Ban taɓa jin ya faɗa wa wani mahaluƙi ba.

Kun tuna babur ɗinsa? Da ya hango gangara sai ya kashe inji don kada mai ya tafi a banza. To hanyarmu gangara nawa gare ta? Rabin tafiyar turi muke yi. Wata rana mun turo shi har kasuwar Boɗinga, muka tarar da mai maganin gargajiya ya cika wuri da lasifika, wai garin nan nasa babu ciwon da ba ya kashewa. Kawu ya jingine babur, ya zare tabarau.

"Bawan Allah, wa yas sha yaw warke?"

"Malam, dut wanda yas saye bai taɓa dawowa da kuka ba!"

"Bai dawo ba? To warkewa yay yi, ko maƙabarta anka kai shi? Dut su biyun ba su dawowa."

Wallahi mutumin nan kashe lasifikarsa ya yi ya koma bakin tasha.

Da na shiga kwaleji na ce na huta, ga kawu ga maki. Ranar farko ya shafa gemunsa ya ce, "Kowane bunsuru shina da gemu. Ni ina da gemu. Ke nan mi?" Ni da rawar kai na miƙe na ce, "Ke nan Malam bunsuru ne." Aka tuntsire da dariya. Ko gezau bai yi ba. Ya ce, "Rashin kunyarka ta kai, hujjarka ta ba ta kai ba. An ce dut bunsuru mai gemu na, ba a ce dut mai gemu bunsuru na ba. Zamna."

A jarrabawa kuwa na cika takarda da "kowa ya sani" da "manya sun faɗa". Ya zagaye su da jan biro, ya rubuta, "Wane ne kowa?" Na faɗi warwas. Inna ta dama fura ta musamman ta tafi roƙo.

"Yaya, Sanusi ɗanka na hwa."

"Awo, ɗana na. Wagga hujja ta ta zumunta, ba ta cin jarrabawa ba."

Ya shanye furar tas, ya yaba damunta, maki kuwa ko ɗigo bai ƙara ba. Na yi wata guda ba na gaishe shi da fara'a.

A shekarar da nake maimaita kwas ɗin ne albasar Baba ta ruɓe. Mu a Danchadi idan an cire albasa, a rudu ake zuba ta, wato bukkar karan nan mai shan iska, a jira ta yi daraja. Muka buɗe namu, wari ya kore mu. Baba ya rantse takin shanun Jauro Sambo ne ya jawo. Shi Sambo makiyayi ne daga wajen Kajiji, kuma tun zamanin kakana danginsa ke sauka gonarmu bayan an yanke gero: shanunsu su ci kara, mu mu kwashi taki mu kai fadama. Baba ya ce bana an gama, ranar kasuwa zai aika masa kada ya sake tako masa gona. Abin ya dame ni ƙwarai, don a bayan Sambo na fara hawan bijimi, kuma na san a wannan lokaci ba zai samu wani masauki ba.

Ranar nan Kawu yana zaune a zaurenmu yana cin gyaɗa. Leƙo ni kawai ya yi ta saman tabarau. Ban san sa'ad da bakina ya ce, "Baba, ina hujja?" ba.

Baba ya cire hula ya yo kaina. "Iye! Ciwon kawunka ya kama ka? Bara an sa taki, bana ta ruɓe, mi kaka nema kuma?"

"Bara waccan ma an sa, Baba, ba ta ruɓe ba. A ba ni zuwa ranar kasuwa."

Na bi fadama gona gona. Maƙwabcinmu Garba takin zamani ya zuba, ko kashin akuya bai sa ba, amma tasa ta fi tamu wari. Tsoho Maiɗamma kuwa a gonarmu ya ɗebi takin Sambo, ga albasarsa nan garau kamar yau aka cire. Sai na koma tambayar abin da masu asara suka yi tarayya a kai. Ashe duk sababbin masu injin ban ruwa ne! Da can da ƙwarya ake ban ruwa, gajiya kan sa a yanke wa albasa ruwa tun da sauran kwanaki, ta bushe a ƙasa. Da inji ya zo, ruwa ya yi sauƙi, aka yi ta kwarara mata har jajibirin cira don ta yi nauyi, aka kuma loda ta a rudu da danshinta.

Na zayyana wa Baba a gaban Kawu. Da na gama ya ce, "Injin ga kau ni nis sawo shi da hannuna." Ranar kasuwa goro ya aika wa Sambo.

Na juya wajen Kawu ina hura hanci, na ce yau dai sai ya faɗa. Ya ce, "Gona nawa kaz zaga?" Na ce shida. Ya ce, "Shida ba ita ta fadama ba. Amma ka hwara tunani." Iyakar yabon ke nan. Na ci jarrabawa a wannan karon, da ƙyar, kamar yadda muke tura babur.

Bara da ciwo ya kwantar da shi, na je duba shi bayan la'asar. Ya rame, gemun nan ya yi fari fat. Na riƙe hannunsa na ce, "Kawu, za ka tashi, in Allah ya so." Sai na ga yana laluben tabarau a gefen filo. Bai same shi ba, ya dai ɗaga yatsa da ƙyar.

"Ina hujja?"

"Ba ni da ita, Kawu. So nike ka tashi, shi ke nan."

Ya sauke yatsan a hankali. "Wagga ba ta cikin littahi," in ji shi. "Amma na yarda."

Shekara talatin ina jiran kalmar nan, da ta zo kuka na yi. Bayan kwana uku muka kai shi makwancinsa. Jauro Sambo da ƙafa ya zo, shi ya kama gaban makara.

Ya Allah, bawanka Ummaru ya ƙare rayuwarsa yana tambayarmu don mu daina zaluntar juna da zato. Ka sauƙaƙa masa tasa tambayar, ka sanya masa amsa a baki, ka karɓe shi da rahamarka. Amin.