Ƙwaryar Kakata da Na Wanke da Sabuni

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, cikin farin nan da ya share mana dabbobi, ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa. Lokacin ina ji da kaina ƙwarai. Biro biyu ne a aljihuna, na kuma karanta labarin ƙwayoyin cuta a littafi, saboda haka duk abin da na gani a ƙauyenmu na wajen Korgom sai in ga gyarana yake jira.

Na je hutu na tarar shanun kakata sun mutu gaba ɗaya. Nonon matata ya ƙafe, ga ɗiyarmu 'yar wata tara. Motar soja ta kawo taimakon madarar gari, ana dama mata, amma da ta sha sai gudawa. Idanunta har sun faɗa. Tsoro ya kama ni, ko da yake kunyar ɗiyar fari ba ta bari in nuna.

Kakata kuwa da nono ta tsufa. A bakinta kowane halinsa da sunansa. Na farko mai kauri da saniya ke bayarwa in ta haihu, dakashi. Wanda aka tatso yanzu, madara. In ya kwana ya kama da mansa, kindirmo, abin da ya taso a kansa kuma afarari. In an kaɗe an cire mai, saura tsala. Ni kalma ɗaya ta Faransanci nake rufe su duka da ita, ina ganin na fi ta sani.

Ranar da na iso ba ta nan, ta tafi gaisuwar mutuwa. Na hango tsohuwar ƙwarya a ragayar ɗakinta, cikinta ya yi ɓawo, tana warin tsami. Na ce to, ga inda cuta take. Na dafa ruwa, na sa sabuni da yashi, na dirje ta tas, na kife a rana ina jiran yabo.

Da ta dawo ta daɗe tana juya ƙwaryar a hannu.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni ne. Ƙazanta ce a ciki."

"Maigidan, karatunka ya yi maka rana," in ji ta. "Iri na a ciki. Da shi ni ka son in kama madarag ga ta soja, cikin yarinya shi karɓe ta. Tun hannun uwata ba ta ga sabuni ba."

Sai a ranar na san irin nono: ɗan tsohon tsami da ake haɗa sabuwar madara da shi ta zama kindirmo. Ta bar shi ya bushe a ƙwaryar ne da gangan, tun ranar da saniyar ƙarshe ta kwanta. Mun gwada ba iri, madarar ta tsinke ta yi ɗoyi. Mun zaga gari, babu gidan da ya rage da shi, masu shanu kuma duk sun yi kudu.

Aka bar yarinya a kan ruwan kunu, ni da kakata muka hau motar kasuwa zuwa Mayahi, daga can amalanke ya kai mu wani zango gaba da Attantane, wurin wata tsohuwa Buzuwa, ƙawar kakata tun ƙuruciya. Gawar shanu muke wucewa a hanya, har na daina kallo.

Tsohuwar ba ta da ko akuya mai nono. Amma da ta ji abin da ya kawo mu, ta buɗe jakar fata ta zaro wani ƙyalle da ya bushe ƙamas. Ta tsoma shi cikin kindirmonta na ƙarshe ne ta shanya a inuwa. Ta yaga shi biyu ta miƙo rabi. Na sa hannu a aljihu, kakata ta doke min shi.

"Ba a saida iri, ba a hana shi," in ji ta.

Tsohuwar ta yi dariya ta dube ni. "Ai naku na, ɗana. Wancan hwari, ina yarinya, namu ya mutu. Uwak kakarka ta ɗibam ma uwata cikin ludayi. Shi ne wanga."

Na tsaya ina duban ƙyallen a hannuna. Abin da na kashe da safiya ɗaya, ashe yana raye a wani gida shekara da shekaru.

Muka koma. Kakata ta dama madarar da ruwan da aka dafa ya huce, ta jiƙa ƙyallen a ciki, ta rufe da faifai. Kwanan farko bai kama ba. Ta ɗebi kaɗan daga ciki ta zuba a sabuwa. Washegari ta sa ludayi a tsakiya ya tsaya cak. Ta riƙa ɗiga wa yarinya kaɗan-kaɗan. Bayan kwana uku gudawa ta tsaya. Na zaga bayan rumbu na yi kukana, na dawo na ce ƙaiƙayi ne ya faɗa min a ido.

Horon da kakata ta yi min ɗaya ne. Ta cika ludayi ta sa na bi gida-gida da kaina, da birona biyu, ina raba wa matan gari.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Tsofaffin nan ba su taɓa jin sunan ƙwayar halitta ba, amma sun san tana da rai, sun san yadda ake kwantar da ita a tashe ta, sun kuma san wurin ajiyarta mafi aminci shi ne gidan wani. Ɗiyar tawa yanzu tana da jikoki. Duk lokacin da suka gaishe ni, sai in tuna cewa tun kafin a haifi ubana aka ɗebi ludayin da ya rayar da kakarsu.