Rijiyar da ke cikin adudun Kaka

Ranar Talata ce, kwana uku bayan sallar layya, a bazarar da na cika shekara goma, Ardon rugar Fulanin da ke kusa da mu ya tsuguna a zauren gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Gwashi, ya gaya wa Baba cewa za su tashi. Rafi ya ƙafe, ramukan da ake haƙawa a cikinsa sun koma laka, shanu kuwa sai ƙirga haƙarƙarinsu ake yi. Ina bayan zana ina tankaɗe, kunnena yana zaure. In rugar ta tashi, shanunmu huɗu da ke hannunsu sai kasuwa, ita ma Dije ɗiyar Ardo, wadda muke wasan carafke tare, ta tafi ke nan.

Aikina ne duk Juma'a in kwance adudun Kaka in shanya zannuwanta, don haka na san wata takarda mai kauri da aka shimfiɗe a ƙasansa, duk zane-zane kamar sawun kaji. Kakanmu ne ya samo ta lokacin da yake ja wa wani Bature mai safiyo sarƙar awo. Kaka kuwa kullum takan ce akwai rijiya a kan tsohon burtali, ƙasa ta binne ta, mutane su yi murmushi su ce tsufa ne. Na ɗauko takardar na kai wa Malam Garba na firamare, wanda ya haƙura da ni tun da na gudu daga aji uku. Ya baje ta a tabarma, ya ce taswira ce, ya nuna layin ɗigo-ɗigo ya ce ga burtali, sannan ya ɗora yatsa kan wani ɗan da'ira. Rijiya, taku ɗari uku yamma da rafi.

Kwana biyu maza suna haƙa inda Malam ya auna, ba su samu komai ba sai jan fako. Aka fara tsokanar sa, ana cewa boko ya haƙa wa kansa rami. Ni kuwa da na kai musu kunu, sai na tuna kwarin da muke ɗibar yashi mu shimfiɗa a ɗaka, can nesa da ruwa, da yadda Kaka ke kiran wurin tsohon rafi. Na ruga na raɗa mata. Ta ɗauki sandarta, tsohuwar da ta shekara ba ta wuce ƙofar gida ba, ta isa har bakin ramin ta ce, "Malam, wanga rafi da kaka aunawa yaro na, gabana ya canza hanya. Bi ɗiyar nan ta gwada maka uwatai."

Na shige gaba, dattawa suna bin bayana. Daga kwarin yashi Malam ya ƙirga takunsa, ya tsaya gindin wata busasshiyar tsamiya. Kafin la'asar diga ta daki dutse, sai ga jerin duwatsu a zagaye. Washegari laka, jibi ruwa. Matan ruga suka rangaɗa guɗa, Ardo ya cika ƙwarya ya miƙa wa Kaka ta fara sha, Dije ta rungume ni har muka faɗi cikin taɓo. Rugar ba ta tashi ba. Karsanarmu ta haihu a daminar nan, aka sa wa maraƙin suna Taswira.

Yanzu jikokina suna nuna mini garinmu a cikin waya, har rufin ɗakina ana gani, amma babu burtali a ciki, babu rijiya. Su Dije sun yi kudu da daɗewa. Takardar tana ƙasan adudun, adudun yana ɗakina, kuma har yau da ruwan rijiyar nan nake dama fura.