Carbin Auna Numfashi

Mahaifina bai taɓa mallakar doki ba, amma daga Taura har Ringim ba a cika sayen dokin sukuwa ba sai an ɗauko shi ya gani. Manomi ne, gero da dawa da 'yan awaki. Abin da Allah ya ba shi ido ne. Yadda yake yi kuwa ba ya canzawa. Sai ya sa a sukwani dokin zagaye biyu, shi kuma ya juya baya yana hira, ko kallon gudun ba ya yi. Da an tsaya sai ya ɗora tafin hannunsa a haƙarƙarin dokin, ya zaro wani tsohon carbi, ba wanda yake lazimi da shi ba, ya riƙa jan ƙwaya ɗaya duk numfashi ɗaya har numfashin ya kwanta. Dokin da ya sa shi zagaya carbin da yawa, ko da zinare aka ƙera shi, Baba zai ce a bar shi.

Ni karatun lafiyar dabbobi na yi, na samu aiki a Dutse, ina haya a Takur. Mutane suna ce mini likita, ko da yake ban kai ba. In aka haɗa mu wajen duba doki, Baba yakan nuna ni ya ce, "Takarda gare shi, ido kuwa sai a hankali." A yi dariya, ni ma in yi. Na fi shekara goma ina wannan dariyar.

Wata shekara wani Alhaji mai fataucin hatsi a Ringim ya kawo wani doki akawal ɗan Sudan, baƙi wuluk, dogo, gashinsa har sheƙi yake. Ya riga ya saya, yabo kawai yake nema. Baba ya yi abin da ya saba, carbin ya yi ta zagayawa. Da ya gama ya ce, "Alhaji, kyau kam Allah ya ba shi, amma huhunsa gajere ne. Zagayen farko nasa ne, na biyu na jama'a ne." Aka kwashe da dariya. Ina tayar da mashin ɗina sai Alhajin ya biyo ni, ya ce a hankali, "Likita, boko ba shi da abin cewa a nan?"

Na ce yana da shi.

Akwai wata allura mai gina tsoka da muke yi wa dabbar da ta tashi daga jinya ta rame. An haramta ta a sukuwa, kowa ya sani, sai dai a irin filayenmu ba wanda yake ɗibar jinin doki ya duba. Wata uku ina zuwa Ringim da 'yar kwalba a aljihu. Akawal ya buɗe ciki, harawa da dusa ba sa isarsa. Wuyansa ya yi kauri, ya koma mafaɗaci, yana cizon turke. A gajiyar da shi yau, gobe ya tashi garau. Ban yi don Alhajin ba. So nake sau ɗaya a duniya a ce abin da yaro ya hango babba bai hango ba.

Bayan kaka aka yi sukuwa a wani fili bayan gari a nan Dutse. Akawal ya yi zagayen farko a gaba, ya yi na biyu a gaba, ya shigo da ratar doki biyu. Ana cikin ihu sai ga Baba yana kutsa jama'a. Ya nemi izini, ya ɗora hannu a haƙarƙarin, ya zaro carbi. Ni nake riƙe da linzami, don haka na ƙirga tare da shi. Daidai da ranar farko, ko ƙwaya biyar ba ta ragu ba. Ya daɗe yana kallon carbin, sannan ya sa shi a aljihu ya ce, a gaban kowa, "Alhaji, ka yafe mini. Na yi wa dokinka ƙazafi."

Na jira in ji daɗi. Ban ji ba. Kunya ma ban ji ba. Abin da na tuna shi ne na sayi rake na tsaya ina sha, ina tunanin ko man da ke cikin mashin zai kai mu gida Taura.

A hanya Baba yana bayana a kan mashin ya ce, "Ka san carbin bai canza ba? Abin da ya faɗa ran farko shi ya faɗa yau. Ke nan shekara arba'in ƙarya yake gaya mini, ni kuma ina gaya wa mutane." Daga nan ya shiga lissafo dawakan da ya hana a saya, kilin wane, hurden wane, wanda aka mayar jan kura saboda maganarsa. Ya ce, "Haƙƙinsu yana kaina." Na ce masa ya riƙe ni da kyau, akwai rami a gaba.

Tun ranar bai sake duba doki ba. Ya rataye carbin a ƙusa a zaure. In an zo ɗaukarsa sai ya ce idonsa ya mutu, a nemi wani. Akawal ya sake ci sau biyu, daga nan na daina zuwa Ringim. Dokin ya zube, ya koma yadda Baba ya faɗa, zagayen farko nasa, na biyu na jama'a. Na kai wa Baba labarin ina zaton zai farfaɗo. Ya ce, "Dokin da ya ci sau uku? Baki ne ya kama shi."

Sai bayan shekara biyu na faɗa masa. Da la'asar ne, yana zaune a zaure yana tufkar igiyar awaki. Na durƙusa na faɗi komai, kwalbar, wata ukun, har dalilin. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kamar ina karanta rahoto a ofis. Ya saurara har na gama, hannunsa bai bar igiyar ba. Sai ya yi murmushi.

"Allah ya yi maka albarka. Ka ga tsoho ya karaya, ka ɗora wa kanka laifi don ka faranta masa."

"Wallahi Baba gaskiya nake faɗa."

"Kul, kar ka yi rantsuwa saboda ni. Na yi kuskure a kan doki, na yarda. Amma kai ni na haife ka, ni na yi renonka. A kanka kam ban yi kuskure ba."

Na riƙe masa bakin igiyar ya ƙarasa.

Kwanakin baya ina gida wasu mutane suka zo da duƙushi, suka roƙe shi ko sau ɗaya ya taɓa. Ya tashi da kyar, ya ciro carbin daga ƙusa, ya kakkaɓe ƙurar, ya miƙo mini. Ya ce musu, "Ga mai ido nan. Shi ya tsaya wa akawal lokacin da ni na kushe shi."

Aka sukwani duƙushin aka dawo. Na ɗora hannu a haƙarƙarinsa na fara ja. Zafi kawai na ji da gumi. A tsakiya lissafin ya ɓace mini, na ci gaba da ja har suka gaji da tsayuwa. Na ce ba laifi, su saya.

Baba ya gyaɗa kai, ya ce in riƙe carbin, ya zama nawa.