Bel Ɗin Sitiyari a Hanyar Azare

Dala zuwa Wudil

Ana idar da sallar asuba muka bar Dala, ni da yayata, Yaya Binta, a tsohuwar motata. Azare muka nufa, ɗauko 'yata ta fari da ke aure a can, domin cikinta ya shiga watan haihuwa, kuma haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Uwarta ta raka mu har zaure tana cewa, "Malam, don Allah kada ta haihu a hanya." Na ce ta kwantar da hankalinta, motata ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Ashe baki ne ya yanka wuya. Muna hawa gadar Wudil na ji ƙara a gaba, sitiyari ya sandare a hannuna, sai da na sa ƙarfi biyu kafin na sauka gefen titi. Wani bakanike ya buɗe bonet ya ce bel ɗin sitiyari ne ya zame. Ya mayar, ya ɗaure shi tamau, ya ce, "Alhaji, ko Maiduguri za ka, je ka." Muka karya da ƙosai da kunu muka wuce.

Kiyawa zuwa Azare

A Kiyawa ya sake zamewa, daidai shingen 'yan sanda. Su suka taya ni tura ta inuwa. Bakaniken nan ya ce na Wudil bai iya ɗauri ba, shi ma ya ƙara ɗaurewa. Yaya Binta ta leƙo ta taga ta ce, "Sani, kai da ɗinki ka iya, me ya kai ka sayen wannan akwala?" Gaskiya ta faɗa, tela ne ni tun ina yaro.

Da la'asar muka shiga Azare. Surukina ya sauke mu da tuwon shinkafa da miyar taushe, ya sayo sabon bel aka saka, muka kwana.

Komawa

Da hantsi muka kamo hanya, yarinyar tana baya kusa da goggonta. Ba mu yi nisa da Jama'are ba sabon bel ɗin ma ya fice. Babu kowa kusa, sai gonaki. Na ji tana numfashi sama-sama, Yaya Binta na yi mata fifita. A nan kam tsoro ya kama ni sosai.

Ina tsaye gaban inji ban san abin yi ba, sai ga yarinyar ta fito tana dafe da ƙugu. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, ba ɗauri ne matsalar ba. Ka tuna keken ɗinkinka na ƙafa, lokacin da igiyarsa ta riƙa zamewa? Cewa ka yi ƙafar sama da ta ƙasa ba sa kallon juna."

Na laluba aljihu na ciro zare, tela ba ya rabuwa da shi. Ta riƙe bakinsa a jikin faifan injin da bel ke hawa, na ja shi zuwa faifan famfon sitiyari. Ga shi nan ƙiri-ƙiri, na famfon ya karkace, zare ya taɓa gefe ɗaya ya bar ɗaya. Na girgiza famfon, ya yi motsi a hannuna. Noti ɗaya na ƙarfen da ke riƙe da shi ya faɗi, kuma duk ɗaurin da aka yi ta yi ƙara janyo shi gefe yake yi. Na kwance noti daga lambar motar na gwada, bai yi ba. Na jikin kujerar Yaya Binta ne ya shiga daidai, ta yi ta mita. Na ɗaure, muka sake auna zare ya kwanta sak, na mayar da bel ba tare da na matse shi da yawa ba.

Daɗi ya cika ni har wuya. Amma 'yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in yabe ta a gaban mutane. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Shiga mota, rana na dukan ki."

Gida

Har Kano bel bai ƙara motsi ba. Lungunmu na Dala kwana uku gare shi masu tsanani, na karya su da hannu ɗaya, na ajiye ta a bakin zaure ba ta taka ko'ina ba. Uwarta ta fito da gudu ta rungume ta. Washegari da safe ta sauka lafiya, namiji.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa surukina da Yaya Binta mai kujera. Ita kuwa, uwarta na samu a ɗaki na ce, "Ki gaya wa yarinyar nan, ita ta kawo mu gida."